Tsakanin Toka da Bagaruwa: Sana'ar Jima a Maraɗi

Da sassafe, kafin majemi ya taɓa fata ko ɗaya, yakan tsoma yatsu biyu cikin kwatarniyar toka ya murza su. In ya ji santsi irin na sabulu, ruwan yana da rai, zai ci gashi. In kuwa ya ji yatsun suna kama juna kamar ruwan rijiya ya taɓa, ƙarfin ya tafi, sai a ƙara toka. Daga nan ya matsa wajen kwatarniyar bagaruwa, ya lakato ɗan ruwan ya ɗiga a harshe. Abin da yake nema shi ne bauri mai ɗaure baki, da ɗan tsami a bayansa. Ba ya riƙe da na'ura, ba ya rubuta komai, amma awo yake yi. Abin da yake aunawa kuwa shi ne abin da ɗaliban kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suke aunawa da kwalabe a ɗakin gwaji: ƙarfin tsami da ƙarfin kanwa a cikin ruwa.

Mutane da yawa suna toshe hanci su wuce majema da sauri. Ni ina ganin ya kamata mu dakata mu duba, domin a cikin waɗannan kwatarni akwai ilimi mai zurfi, kuma namu ne.

Jar akuya da sunan da ta yi

Jima ba ta yi suna a wannan ƙasa don banza ba. Tana da jari, jarin kuwa shi ne jar akuyar Maraɗi, wadda a Najeriya ake kira jar akuyar Sakkwato. Gajeren gashi gare ta mai sheƙi, tana yawan haifar tagwaye, kuma mafi yawanta a hannun mata take, daga ƙauyukan Tsibiri har zuwa Tasawa. Fatarta ba ta da kauri, amma zarenta a cushe yake, fuskarta kuma lumui. Tana lanƙwasuwa ba ta tsage ba, tana shan rini ta riƙe shi.

Tun zamanin ayari ake ɗaukar jemammun fatun ƙasar Hausa a ratsa Sahara da su ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa bakin teku. Turawa suka saye su daga hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, suka riƙa kiransu fatar Maroko. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya biyo ta Tasawa da Katsina ya isa Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan kayan da ake fitarwa. Daga baya masu yi wa littattafai bango a Ingila suka ɗauki wannan fata a matsayin ta sahun gaba. Da Nijar ta sami 'yanci, gwamnati ta buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963 don kare irin da kuma raba bunsuraye ga makiyaya. Sunan da akuyar ta yi a duniya, rabinsa nata ne, rabi na majemin da ya san yadda zai bi da fatarta.

Ruwan farko: toka

Fata takan zo daga hannun mahauta, ɗanya ko busasshiya ko mai gishiri. Abu na farko shi ne jiƙo da wanki, a fitar da jini da datti da gishiri, ta dawo da laushinta. Sai a jefa ta cikin ruwan toka. Majema da yawa a yau suna haɗawa da ragowar karbur, wato dutsen nan da masu walda ke jiƙawa ya ba su iskar hura wuta. Farin taɓon da ya rage bayan iskar ta fita shi majemi ke so.

Bahaushe ya daɗe da raba abubuwa gida biyu: dangin tsami, irin su lemun tsami da tsamiya da yakuwa da nono, da dangin kanwa, irin su toka da sabulu da ita kanwar kanta. Ya kuma san ɗaya yana kashe ɗaya, shi ya sa yake cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Masana suna kiran gidan farko asid, na biyu kuma alkali. Wannan kalma ba ta da dangantaka da alƙalin kotu. Daga Larabci ta fito, kuma ma'anarta ta asali ita ce tokar tsirrai.

Bayanin da kimiyya ta ƙara shi ne wannan. Ruwa, ko da garai-garai ne, ba a zaune yake ba. A kowane lokaci wasu 'yan ƙalilan daga ƙwayoyinsa suna rabewa gida biyu masu caji, ɗaya ana kiransa haidirojin, ɗaya haidiroksaid, wasu kuma suna sake haɗewa. Waɗannan ɓangarori masu caji su ake kira ayon. Biyun nan kamar hannuwan sikeli suke: in ɗaya ya hau, dole ɗaya ya sauka. In haidirojin ya rinjaya, ruwa ya yi tsami. In haidiroksaid ya rinjaya, ruwa ya koma gidan kanwa. A 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sørensen, ya tsara ma'aunin da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Bakwai ita ce tsakiya. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan kanwa wajen 10, ruwan ragowar karbur kuwa ya ɗara 12. Kowane taki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne.

Santsin da majemi ke ji a yatsunsa aikin haidiroksaid ne: yana mai da maiƙon fatar hannu sabulu. Haka yake yi wa fatar akuya. Yana narkar da kitse, yana sassauta saiwar gashi, yana sa zaren fatar ya sha ruwa ya kumbura ya buɗe. Bayan 'yan kwanaki majemi ya ɗago fata ya tura gashin da babban yatsa. In ya zame ba gardama, lokaci ya yi.

Ga abin da ya fi burge ni a wannan mataki. Sabon yaro in ya ga farar laka kwance a gindin kwatarniya, yakan ɗauka datti ne ya so ya kwashe. Sai ka ji babba ya tsawata masa: "Kai yaro, bar shi nan, shi ne ƙarfin ruwan." Gaskiyar babban ke nan. Wannan farin abu, wanda masana ke kira kalsiyam haidiroksaid, ba ya narkewa sosai. Lita guda ta ruwa ba ta ɗaukar ko giram 2 cikakku. Saura ya kwanta a ƙasa yana jira. Duk lokacin da fata ta shanye wani abu daga ƙarfin ruwan, sai wani kaso na lakar ya narke ya cike gurbin. Ta haka ruwan ba ya yin rauni da wuri, kuma ba ya wuce iyakarsa ya cinye fatar. Rumbu ne mai fitar da hatsi daidai cikin gida. Wannan shi ne abin da littattafai ke kira daidaiton ayon a cikin ruwa, kuma masanin Faransa Le Chatelier ya bayyana ƙa'idarsa a 1884. Soda ta masu sabulu ba ta da wannan haƙuri. Narkewa take gaba ɗaya, in hannu ya zarce ta mai da fata kunu.

Haɗa toka da karbur kuma yana ƙara wa ruwa kaifi fiye da kowannensu shi kaɗai, domin wani sashe na tokar yana kama kalsiyam su kwanta tare kamar alli, su bar haidiroksaid yana yawo. Majemi bai san sunayen nan ba, amma ya san gwargwadon da zai zuba, ya kuma san cewa ruwan da ya ɗauki kwanaki a hunturu zai gama aiki da wuri a bazara, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40.

Kartaji da ruwa na biyu

Daga nan sai aikin ƙarfi. Ana shimfiɗa fata a kan gungumen icce, majemi ya sunkuya ya kama kartaji, wato abin kankare fata, da hannu biyu, ya riƙa turawa daga sama zuwa ƙasa. Gashi na zubowa curi-curi a jiƙe. A juya fatar, a kankare ragowar nama da kitse. Nan ne ake gane aikin mahauci: duk inda wuƙar fiɗa ta zarce, fatar za ta nuna, wani wurin ma ta huje. Fata mai kyau tun daga mayanka take farawa.

Fatar da ta fito daga toka fara ce, kumburarriya, mai tauri kamar guringuntsi. In aka jefa ta cikin bagaruwa a haka, an yi asara. Ragowar toka za ta haɗu da sinadarin bagaruwa, fuskar fatar ta yi duhu, in ta bushe ta riƙa tsagewa. Dole a sauko da ita a hankali. Shi ya sa ake wanke ta sosai, sannan a sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tantabara, ko kuwa ruwan fataka, ganyen nan mai farin ƙaro da ke yaɗo a jeji, wanda ake dakawa a jiƙa.

Wannan mataki shi ya jawo wa sana'ar ƙyama, amma shi ne sirrin laushin fatar akuya. Kashin tsuntsu yana ɗauke da gishirin amoniya mai janye toka sannu a hankali, ya sauko da fatar daga 12 zuwa wajen 8 a ma'aunin pH. A daidai wannan matsayi ne sinadaran narkar da nama, waɗanda ke fitowa daga ƙananan halittun da ke cikin ruwan ko daga ƙaron fataka, suke iya aiki. Suna cinye abin da ya cushe tsakanin zaren fata, su bar zaren kansa. Ba mu kaɗai muka bi ta nan ba. Majeman Turai da kashin kare da na tantabara suka yi ta aiki, har sai da Bajamushe Otto Röhm ya fito da madadinsu daga kayan cikin dabbobi wajajen 1908.

Awon wannan mataki ma a hannu yake. Majemi ya danna babban yatsa a fata. In shatin ya zauna bai tashi ba, ta yi. Wani ya tattare ta kamar jaka da iska a ciki ya matsa, in iska ta fito ta ƙofofin gashi da ɗan kumfa, sai a tsamo. Jinkiri kaɗan, ruɓa ta fara.

Bagaruwa

Sai uwar aikin. Ana tsinto 'ya'yan bagaruwa busassu, a daka a turmi, a fitar da ƙwallayen, a jiƙa garin. Larabawa suna kiran wannan icce ƙaraz, sunansa ya zo a hadisan da suka yi magana kan tsarkake fata ta hanyar jima, kuma majeman Sudan da shi suke aiki har gobe. Baurin da ke ɗaure harshe shi ne sinadarin da ake kira tanin. Abin da yake yi wa harshe na ɗan lokaci, shi yake yi wa fata har abada: yana maƙale wa zarenta, ya ɗaure shi, ya hana ƙwayoyin ruɓa samun abin ci.

Ruwan bagaruwa ɗan gidan tsami ne, yana wajen 4 a ma'auni, kuma in ya kwana biyu yana ƙara tsami. Wannan tsamin yana kashe sauran toka, yana kuma taimaka wa tanin ya kama. Amma akwai ƙa'ida: ba a fara sa fata a sabon ruwa mai ƙarfi. In aka yi haka, bayanta ya kame nan da nan, ƙofa ta rufe, cikinta ya zauna ɗanye. Da tsohon ruwa ake farawa, wanda wasu fatun suka riga suka rage masa kaifi, sannan a matsa zuwa sabo. Ana cuɗawa, ana juyawa, ana matsewa, ana mayarwa.

A duba tafiyar da fatar ta yi. Daga 12 ta sauko zuwa 4, taki takwas, kowanne ninki goma. Ma'ana, yawan haidirojin a ruwan ƙarshe ya ninka na ruwan farko sau miliyan 100. Kuma mutum ya bi da ita wannan doguwar hanya da yatsa da harshe da ido, ba tare da ta lalace ba.

Bayan ta nuna sai a wanke, a shafa mata man gyaɗa, a shanya a inuwa, a yi ta ja ana murzawa har ta yi laushi kamar ƙyalle.

Ja da baƙi

Rinin fata ma wasan tsami da kanwa ne. Jan nan da ya yi suna daga karan dafi yake fitowa, wato kuben ganyen wata irin dawa da ake shukawa don rini. Ana daka shi, a sa masa ruwan kanwa, launin ya fito jawur. Duk macen da ta taɓa ganin zoɓo ya yi duhu don kanwa ta taɓa shi, ta matsa lemun tsami ya dawo ja, ta ga irin wannan aiki: launin tsirrai yana sauyawa gwargwadon ruwan da ya samu kansa a ciki. Kanwa kuma tana da wata baiwa. Gishiri iri biyu ne a cikinta, 'yan uwan juna, ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai sauƙi, suna karɓar tsami suna miƙa wa juna, shi ya sa ruwanta ba ya saurin sauya hali. Ba banza aka yi mata kirari da uwar gami ba.

Baƙi kuwa kuloko ne. Ana jiƙa kashin maƙera ko tsatsar ƙarfe a ruwa mai tsami, tsamin ya narkar da ƙarfen. Ruwan ba wani baƙi ne sosai ba, amma da baduku ya ja layi da shi a kan jemammiyar fata, sai ƙarfen ya haɗu da tanin ɗin bagaruwa, layin ya yi baƙi ƙirin a gaban idonka. Irin wannan haɗi ne ya ba Turai da ƙasashen Larabawa tawadar rubutu ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa kuma majemi ba ya yarda ƙusa ko gwangwani mai tsatsa ya faɗa masa cikin bagaruwa. Tabo ɗaya ya isa ya karya kuɗin fata.

Daga nan fata ta bar majema ta shiga hannun dukawa, ta zama takalmi da jaka da kube da gafaka da kayan doki, irin waɗanda ake gani a kasuwar Maraɗi ran Litinin da Juma'a, da ranar hawan Sarkin Katsinan Maraɗi ko na Sarkin Gobir a Tsibiri.

Inda takalmin ke matsi

Sana'ar tana cikin ƙunci. Takalmin roba da jakar leda sun cinye kasuwar talaka. Fatu masu kyau ana zuba musu gishiri a loda a mota, su bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa masana'antun Kano, inda ake jima da gishirin kurom, hanyar da a yau ta mamaye mafi yawan jimar duniya saboda saurinta. Ƙirgin saniya kuma masu ganda sun fi majemi iya sayensa. Masana'antar SONITAN da aka kafa a Maraɗi don a jeme fatunmu a gida ba ta ɗore ba. Ribar jar akuya tana tafiya inda aka gama aikinta, mu a bar mu da kuɗin ɗanyar fata.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu. Hannun tsohon majemi duk faso ne, farcensa ya ci, domin ruwan da ke narkar da gashin akuya ba ya bambanta fata da fata. Safar hannu ta roba da takalmin ruwa ba su kai kuɗin fata kaɗan ba. Sannan ruwan da aka gama aiki da shi, in aka malalar, yana bin gangare zuwa kwarin Gulbin Maraɗi, inda ruwan ƙasa ke kusa. Daga irin wannan ruwa na ƙasa ne manoman Jiratawa ke ban-ruwan zogale da sauran kayan lambu, kuma ƙasar da gishiri da kanwa suka yi wa yawa takan daskare ta ƙi shuka. Rami biyu ko uku a jere, inda ruwan toka da na bagaruwa za su haɗu su kashe juna, laka ta kwanta kafin a saki sauran, zai rage ɓarna ƙwarai. Sai dai a kiyaye: wanda ke cire gashi da hodar kamfani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada ya kuskura ya haɗa ruwanta da mai tsami, domin iskar da ke tashi tana kisa.

Mu mutanen wannan yanki mun riga mun biya kuɗin rashin auna ruwa da tsada. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000, yaran Tsibiri sun sha ruwan rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da kima, ninkin-ba-ninkin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Haƙora suka dafe, ƙasusuwa suka lanƙwashe. Ruwan garau yake a ido, ba wari, ba ɗanɗano. A nan iyakar yatsa da harshe take, a nan kuma ilimin makaranta ya zama dole.

Don haka nake ganin ɓangarorin biyu suna buƙatar juna. Malamin kimiyya da ke fama da ɗalibai a kan darasin asid da alkali, yana zana alamomi a allo suna hamma, ya kwashe su ya kai su majema da 'yar takardar awon pH, wadda ke sauya launi in an tsoma ta. Su auna kwatarniyar toka, su auna ta fataka, su auna ta bagaruwa, su rubuta. Sannan su tambayi mai wurin, cikin ladabi: "Baba, yaya kake gane ta yi?" Za su tarar lambobinsu da hannunsa magana ɗaya suke yi. Shi kuma zai sami abin da zai sa fatarsa ta yau ta fito daidai da ta jiya, wanda shi ne abin da mai saye daga nesa yake nema kafin ya ba da oda.

In sun yi sa'a, zai nuna musu awon ƙarshe. Zai tsamo fata daga bagaruwa, ya kama wajen wuya inda ta fi kauri, ya yanki ɗan ƙyalle da wuƙa, ya ɗaga bakin yankan ga haske. In akwai farin zare a tsakiya, sai ta koma ruwa, ko da mai ita yana tsaye yana jira da kuɗi a hannu. In launin ya ratsa daga fuska har baya, sai ya miƙa wa yaronsa ya ce a kawo man gyaɗa.